Yadda Nomau Ya Ƙidaya Marasa Lafiyar Gidan Ɓaure

Kafin in fara, ina neman afuwar mai karatu game da rubutuna. Ban riƙe alƙalami ba sai da na haura shekara arba'in da bakwai, a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau hannuna ya fi sabawa da ƙotar fartanya. In an ga layi ya karkace, ba raini ba ne, iyakar ƙoƙarina ke nan. Na daure na rubuta ne domin labarin ya fara sauyawa a bakin mutane, ni kuwa danga ɗaya ce tsakanina da mai shi.

A garinmu, Gidan Ɓaure, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba ya ƙin aike. Aibinsa ɗaya ne: yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukar ta, ba ƙari ba ragi. Gidansa ne na ƙarshe ta yamma. A ciki akwai mahaifiyarsa Iya Dudu, da matarsa Kuluwa, da 'yarsu ɗaya tak, Atine, wadda ba ta cika shekara biyu ba. A daminar da nake magana, gudawa ta shigo gari ta kama yara, Atine tana cikinsu. Asibiti kuwa tafiyar wuni ce, yaron da ya galabaita ba ya kaiwa.

Ran Juma'a sai ga Malama Barira, ma'aikaciyar lafiya mai kula da ƙauyuka bakwai a kan babur ɗaya. Ta shaida wa Maigari Ɗantsoho cewa ran Alhamis mota mai likita da magani za ta biyo hanya, kuma za ta sauka wata guda a ƙauyen da ƙidaya ta nuna ciwo ya fi yawa. Ta nemi a ba ta mutum ya zaga gidaje. Maigari bai so ba. Bara aka ce akwai annoba a Tungar Maje, aka rufe kasuwarsu, har yau ba ta sake ci ba. Saboda haka ya duba cikin jama'a ya ba ta Nomau.

Wata rana, Asabar ce, Malama ta miƙa wa Nomau jaka, da yake bai iya rubutu ba. Ta ce, "Ka je kowane gida ka tambayi lafiyarsu. In lafiya suke, ka jefa ƙwayar gyaɗa. In akwai marar lafiya, ka jefa tsakuwa." Nomau ya fara da zauren Ilu maƙeri. Yana jin kukan yaro daga ciki, kuka mai rauni, ya ce, "An tashi lafiya?" Maƙeri ya ce, "Lafiya lau, sai godiya." Nomau ya jefa gyaɗa. To, wa ya taɓa amsa gaisuwa da ciwo a ƙasar nan? Da la'asar ya zazzage jaka a gaban Malama da Maigari: gyaɗa sittin da uku, tsakuwa ko ɗaya babu.

Malama ta ce, "Malam Nomau, 'yarka fa?"

"Tana kwance, Malama. Tun jiya ba ta kama nono ba."

"To, ina tsakuwarta?"

"Na tambayi Iya, ta ce lafiya lau. Ni zan ƙaryata Iya?"

Kafin Malama ta sake buɗe baki, Maigari ya sa magatakardansa ya rubuta cewa babu marar lafiya a Gidan Ɓaure, ya aika wa likitan motar da takardar. Malama ta ce ba abin da zai soke ta sai wata ƙidayar sahihiya, kafin Alhamis.

Wata rana, wato kashegari, Malama ta ce, "Bari mu fara sanin yawan yaran. Ka tambayi kowace uwa 'ya'yanta nawa ƙanana, abin da ta ce ka ƙulla shi a igiyar nan." Nomau ya bi gidaje, mata suna amsa masa ta bayan danga. Mai uku ta ce biyu, mai biyu ta ce ɗaya, domin mace ba ta lissafa ɗan fari saboda kunya. Wata tsohuwa ma ta biyo shi da muciya, wai zai jawo wa jikokinta baki. Da ya iso gidansa ya tarar da Kuluwa zaune, yarinya a cinyarta, idanunta sun faɗa.

Ya ce, "Ke, 'ya'yanki nawa?"

Kuluwa ta sunkuyar da kai. "Wane irin zance ne wannan a gaban Iya? Ni ba ni da kowa."

Iya Dudu ta ce, "Kai, tashi ka ba mutane wuri! Awaki ne da za a ƙidaya su?"

Nomau ya dubi yarinyar, ya dubi igiyar, ya fita bai ƙulla ba. Ya kai wa Malama ƙulli arba'in da ɗaya, alhali ita da hannunta ta yi wa yara sama da saba'in rigakafi a garin. Ta ce, "Jiya 'yarka lafiyarta lau, yau kuma ba a ma haife ta ba!" Nomau ya ce, "Ni ma abin ya ɗaure mini kai, Malama."

Wata rana, Talata, Malama ta kawo wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja. Ta nuna masa yadda ake zagaya shi a damtsen yaro. Ta ce, "Yanzu ba ruwanka da bakin kowa. Ka sa a fito maka da yara zaure. Wanda ya nuna ja, ka jefa masa tsakuwa a jaka. Ka fara daga gabas, gida bayan gida, kada ka tsallake ko ɗaya." Rana ta yi tsaka yana gida na ashirin, sai ga Kuluwa da gudu, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Malam, ka zo! Yarinyar nan ta daina kuka, kallo kawai take yi."

Ma'aunin ya suɓuce daga hannun Nomau ya faɗi. Ya ɗauka ya ce, "Saura gida arba'in da uku."

"Ka rasa hankalinka ne? 'Yarka ce fa!"

"An ce kada in tsallake."

Ya shiga gudu daga zaure zuwa zaure, hawaye na zuba, yana awo yana jefa tsakuwa, bai tsallake ba. Sai gab da magariba ya kai nasa gidan. Ma'aunin ya zagaye damtsen Atine ya wuce can cikin ja. Ya saɓe ta ya kai wa Malama. Ba abin da ya rage a jakarta sai ƙullin gishiri da sukari. Ta ce a jiƙa a ruwa a riƙa ba ta cokali cokali, ta ce yarinyar ƙarin ruwa take bukata, ƙarin ruwa kuwa yana cikin motar Alhamis. Tsakuwa goma sha tara suka samu a ranar.

Wata rana, Laraba da hantsi, Malama za ta wuce wani ƙauye. Ta bar wa Nomau jakar ya kai wa Maigari a rubuta sabuwar takarda. Tana ɗaure kaya tana yi masa bayani, ta ce, "Ka san lafiya ba ta jiki ce kaɗai ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwance, da wanda ba ya zaman lafiya da mutane, su ma ba su da cikakkiyar lafiya." Nomau ya riƙe wannan. A hanya ya jefa tsakuwa biyu domin Ilu maƙeri da ƙanensa, waɗanda suka shekara ba sa gaisawa a kan iyakar gona. Ya jefa ɗaya domin Gwaggo Ladi, wadda tun rasuwar mijinta ba mai leƙa ta. Da ya iso fada ya tarar da Maigari yana kai da kawowa a zaure, yana ajiyar zuciya. Nomau ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tsinci tsakuwa a nan ƙasa ya jefa.

Maigari ya ce, "Wannan ta wane ne?"

"Taka ce, ranka ya daɗe."

Maigari ya fizge jakar ya watsar da tsakuwan a tsakar fada. Ya ce, "Ba takardar da za a sake! Ka buɗe kunnenka, Nomau. Gobe in baƙin nan sun zo, ba na son a ga marar lafiya ko ɗaya a cikin garin nan. Ko ɗaya! Ka bi gida gida ka tabbatar." Nufinsa a shigar da yara ɗaka a rufe ƙofa har mota ta wuce. Nomau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, Nomau ya fito bayan sallar asuba ya ari amalanken shanuna. Ban tambaye shi dalili ba, kuma na gode Allah da ban tambaya ba. Ya bi gidajen yaran nan goma sha tara yana cewa, "Umarnin Maigari ne, kada a bar marar lafiya a cikin gari." Wa zai ja da umarnin Maigari? Mata suka fito da yara a goye, suna salati, wasu suna kuka, sun ɗauka kora ce. Ya yi sawu huɗu. An kwana ana ruwa, bayan gari duk taɓo ne, ba busasshen wuri sai kan hanyar mota. A nan ya shimfiɗa tabarmi ya jera su, Atine a cinyar Kuluwa, numfashinta sama sama.

Da hantsi aka jiyo ƙugin mota. Takardar da ke hannun likita ta ce babu ciwo a Gidan Ɓaure, don haka direba bai yi niyyar tsayawa ba. Yana shan kwana ya ga tabarmi, ya taka birki har motar ta karkace. Likitan, wani mai furfura, ya sauko ya dubi takarda, ya dubi hanya. Ya durƙusa ya ja fatar cikin Atine, ta tsaya ba ta koma ba. Ya ɗaga murya ya ce, "A sauko da ruwa! Wannan da waccan tukuna!"

Ana cikin haka Maigari ya iso da fadawa, rawaninsa a warware. Ya ce, "Nomau! Me ka yi mini?"

Nomau ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, na tabbatar. A shiga a duba, cikin gari babu ko ɗaya."

Maigari ya ɗaga sanda. Sai idonsa ya faɗa kan tabarma ta ƙarshe, inda surukarsa take zaune da jikansa, wanda ya kwana huɗu kwance a ɗaka ba wanda ya faɗa wa Maigarin. Gidan Maigari ma gida ne, Nomau kuwa ba ya tsallake gida. Sandar ta sauko a hankali. Maigari ya juya wajen likita ya ce, "Likita, zaurena yana da faɗi, kuma ba ya yoyo."

Motar ta sauka a garinmu. An rufe kasuwa mako biyu, ta sake ci. Yara biyu daga cikin goma sha taran nan ba su tashi ba, Allah Ya sa masu ceto ne. Atine kuwa, a kwana na uku ta buɗe ido ta fizge cokali daga hannun uwarta. Likita ya ce yanzu a ba ta duk abin da ta nema. Ta nuna hular ubanta. Nomau ya cire ya ba ta, ya yi sauran daminar nan kansa a buɗe, don ba wanda ya ce masa ya karɓa.

Iyakar abin da na sani ke nan. Yawan gidaje da na yara na sake tambayar Malama Barira sau biyu, don tsoron kada in yi wa wani ƙarya. Duk da haka, wanda ya fi ni sani, in ya ga inda alƙalamina ya yi tuntuɓe, ina roƙonsa ya gyara mini, kada ya ji nauyin furfurata.