Yadda Na Sauko Daga Gobarau a Zaune

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau hasumiyar Gobarau da ƙafafuna, na sauko da mazaunaina. Kuma tun kafin wani ya fara tausaya mini, bari in faɗi gaskiya: ba tsautsayi ne ya kai ni ba, hassada ce tsagwaronta.

A shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofis da ke GRA, mai kula da al'adu da tarbar baƙi. (A takarda ke nan. A zahiri aikinmu karatun jarida da musun wa za a ba kwamishina.) Mu biyu ne a ɗaki ɗaya, ni da Lawal. Shi ɗan wani ƙauye ne can hanyar Batsari, karatu ya kawo shi birni ya zauna. Na riga shi kama aiki, na fi shi tsayi, na fi shi iya kafa hula, amma duk wanda ya leƙo ofishin nan Lawal yake nema. Ranar Asabar muna hutawa, shi kuwa sai ya hau kekensa ya yi ta bin ƙofofin gari, ya zauna wurin tsofaffi yana tambaya yana rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Ni dariya nake yi masa. Me zan koya game da Katsina? A cikin birni aka binne cibiyata, daga soron gidanmu ma ana hango Gobarau.

Wata Litinin sai Darakta ya kira mu. Ya ce baƙi uku za su zo daga kudu, suna zagaya ƙasa suna haɗa littafin wuraren da matafiyi zai so ya gani. Sun riga sun bi tsofaffin coci-coci a Kalaba, sun shiga gidan tarihi a Jos, yanzu Katsina suka nufo. Kuma wanda ya zagaya da su, in sun yaba da shi, za su tafi da shi mako biyu ya ga nasu wuraren, har bakin teku a Legas.

Teku! Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. A bangon ofishinmu akwai wata kalanda mai hoton bakin teku da itatuwan kwakwa, ta yi shekara uku da ƙarewa amma na hana a cire ta. Ban gama mafarkin ba na ji Darakta yana cewa, "Lawal, kai za ka zagaya da su."

Na juya na kalle shi. Lawal ya ce, "To, ranka shi daɗe," ko murmushi bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutum a ba shi teku ya karɓa kamar an miƙo masa biro!

Da aka tashi aiki na laɓaɓa na bi Darakta har bakin motarsa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ba wai ina da wata magana ba ce. Lawal yaron kirki ne, amma hwa baƙauye ne, abin da ya sani duk jin sa ya yi. Mu kau a gindin Gobarau aka haihe mu. Hasumiyar nan tun ina yaro nike hawanta, ko idona ruhe sai in kai mutum sama."

Darakta ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce, "To shi ke nan. Kai ka ja gaba, Lawal shi riƙe masu jaka. Wanda suka zaɓa shi za ya tahi."

Yanzu ga abin da ban gaya wa Darakta ba: ban taɓa sa ƙafata cikin Gobarau ba. Ko sau ɗaya. A gidanmu ma babu wanda ya taɓa hawa. A wurinmu 'yan unguwa hasumiya alamar kwatance ce kawai, a ce maka in ka wuce Gobarau ka yi hagu. Hawa kuwa na baƙi ne da 'yan makaranta. Na ce a raina, matakala ce dai, ai ba a koyon hawan matakala.

Ranar da baƙi suka iso na fito da shaddata babbar riga wadda ta sha sitaci har tana ƙara, da sabon takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Nufina in tsaya kusa da Lawal a ga bambanci. Shi kuwa 'yar shara ya sa da takalmin roba, ya rataya jakar baƙi. Shugabar baƙin wata dattijuwa ce daga Kalaba, muna ce mata Madam, ta haura sittin, da kyamara a wuya.

Da safe abin ya tafi daidai. Mun shiga gidan tarihi, mun duba abin da ya rage na ganuwa, mun tsaya Ƙofar Durbi. Duk tambayar da Madam ta jefo mini, sai in gyara riga in ce, "Lawal, gaya masu, in ji ko ka riƙe abin da na koya maka." (Allah Ya yafe mini.) Shi kuma sai ya zuba bayani tiryan-tiryan, ni ina gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ya faranta masa.

Dab da la'asar muka isa Gobarau. Mai riƙe da makullin wani tsoho ne, Baba Sule, aminin marigayi mahaifina. Yana ganina ya washe baki.

"A'a! Wa nike gani haka? Yau kai ne a ƙohwar nan? Shekara da shekaru kana wucewa sai dai sallama daga nesa, ban taɓa ganin ka leƙo ciki ba. Halan lahiya?"

Darakta yana tsaye a gefena. Na shiga gyara hula kamar ban ji ba. Madam ta tambaya da Turanci me tsohon yake cewa. Kafin in buɗe baki Lawal ya ce mata, "Ya san shi tun yana yaro, yana murnar ganinsa." Ko ƙarya bai yi ba, ya dai rufa mini asiri. Ni kuma maimakon in gode, haushi na ji: wato har rufin asirin ma ya fi ni iyawa.

Darakta ya ce gwiwa ba za ta bar shi ya hau ba, zai jira mu a ƙasa. Ni na shiga gaba.

Jama'a, babu wanda ya gaya mini matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, ga warin jemage. Babbar riga ta cika hanya, hannunta na dama ya gogi wannan bango, na hagu ya gogi wancan. Takalmi sai zamewa yake. Madam tana bayana tana hawa tana hira, numfashinta ko sauyawa bai yi ba, ni kuwa ina huci. Na daure dai har muka fito sarari a sama.

Nan ne na yi kuskuren leƙa ƙasa.

Na ga Darakta ya koma kamar ɗan tsako. Na ga rufin gidanmu, har da shanyar matar yayana. Sai gari ya fara juyawa a hankali, iska ta shiga babbar rigata ta kumbura ta, na tabbata yanzu za ta ɗauke ni ta ajiye a kasuwa. Ban san lokacin da na zube zaune ba, na runtse ido, na damƙi abin da hannuna ya fara samu. Ashe ƙafar wandon Lawal ce.

Madam ta ce, "Malam, nuna mana inda Ƙofar Durbi take." Na ɗaga hannu ɗaya, ido a rufe, na nuna. Na ji Lawal ya kama hannun a hankali ya juya shi wani wajen daban, ya ce, "Nan yake nufi." Daga nan ya ci gaba da nuna musu gari ƙofa bayan ƙofa, unguwa bayan unguwa, yana tsaye wuri ɗaya saboda na hana shi motsi. Ni ne fa na ce wa Darakta ko idona rufe zan kai mutum sama. To ga shi idon a rufe, amma ni ake riƙe da shi. Ina cikin salati na ji ƙarar kyamara.

Saukowa ita ce ta ƙarasa ni. Ƙafafuna suka ce ba da su ba. Lawal ya cire mini takalmi ya sa a jakar baƙi, ya shiga gabana yana cewa, "Sannu, yayana, ɗaya-ɗaya dai, kar ka duba ƙasa." Haka na sauko a zaune, matakala bayan matakala, ina jan jiki kamar yaron da bai fara rarrafe ba. Na fito ƙofa daidai lokacin da mutanen unguwarmu suke fitowa daga sallar la'asar. Bayan shaddata ya yi jawur da ƙasa, hula ta karkace, ƙafa ba takalmi.

Baba Sule ya tafa hannu ya ce, "Ikon Allah! Na ga masu saukowa iri-iri, amma wanga salo sabo ne."

Darakta ya dube ni ta saman gilashi kawai, ya buɗe wa Madam mota.

Ba sai na faɗi wanda ya tafi Legas ba. Mako biyun nan na yi su ni kaɗai a ofis, ni da kalanda, kuma na kasa ɗaga kai in kalle ta. Abin da nake lallashin kaina da shi ɗaya ne: ko ba komai Lawal bai san abin da na faɗa a kansa a bakin mota ba.

Ya dawo ya yi baƙi, yana ta fara'a. Ya ajiye mini ambulan a tebur, hoton da Madam ta ɗauka ne: shi da sauran baƙi biyun a tsaye Katsina shimfiɗe a bayansu, ni a ƙasa na rungume ƙafarsa. Sai ya ciro wata gorar roba cike da ruwa, ya ce, "Ga tsarabarka. Na san kana son ka ga teku, shi ne na ɗebo maka." A jikin gorar ya manna 'yar takarda da rubutunsa mai kyau: "Daga baƙauye zuwa ɗan birni."

Ashe ya sani. Daga baya na ji Darakta ya gaya masa tun ranar farko, kafin Lawal ya rufa mini asiri wurin Baba Sule, kafin ya ɗauki takalmina a jaka.

Da ya fita na buɗe gorar na ɗanɗana. Gishiri ne zalla, har da ɗaci. A kan wannan na ci naman mutumin da ya sauko da ni.

Darasin da na koya bai da yawa. In za ka yi wa mutum hassada, ka fara bincikawa ko abin da ya iya yana da matakala. Kuma in ka ce kai ɗan gari ne, ka tabbata mai makulli bai san babanka ba. Har yau ban ga teku ba, ban kuma sake hawa Gobarau ba. Lawal kuwa shi ya zama Darakta daga baya, kuma duk baƙon da ya zo sai ya gabatar da ni da cewa, "Ga ɗan asalin birni nan, a gindin Gobarau aka haihe shi." Ni kuma sai in ce ƙwarai kuwa, a gindinta, kuma nan na fi wayo.