Yadda Ake Rubuta Wasiƙa Daga Virginia Kyaftin Bai Jefa Ta Wuta Ba

Sati biyu da saukarmu daga jirgi, ina wankin tukunya a bayan rumbun gari, na ji Goggo Marjory tana ce wa mijinta, "Wanda ya rubuto mana cewa a ƙasar nan talotalo da ƙafarsa yake shiga tukunya, Allah ya haɗa ni da shi."

Mijin nata, Baba Barnaby, ya ce, "Ai kusa yake. Bayan coci, kabari na uku daga hagu."

Na ci gaba da wankin tukunyata, dama ni ba mai yawan magana ba ce. Amma washegari aka gano duk garin namu, Sabon Dunsford, mu tamanin da 'yan kai, ni kaɗai ce mai rubutun da ake iya karantawa, don matar fastonmu a Ingila ta koya mini. Sai aka miƙo mini alƙalamin mamacin na gashin dinya, da kujerarsa mai ƙafa uku. Shekara biyu ke nan ina kai.

To 'yar uwa, in ke ma an ɗora miki wannan aiki, ki bi matakan nan. Na yi miki alkawari wasiƙarki za ta shiga jirgi, ba za ki yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ji ta a gida sai ya ji kamar ya faɗa teku da iyo. Na gwada a kan Innata, wadda muka baro da ƙanwata Cecily mai yawan tari, suna jiran Babana Gilbert ya ce su taho. Ya yi aiki. Ya ma zarce, amma za mu zo wurin.

Mataki na 1: Ki san mai fara karantawa

Ba uwarki ba ce. Kyaftin Skerrit ne. Masu kamfanin da suka kawo mu sun ce kada a rubuta abin da zai sanyaya wa mutanen gida gwiwa, don haka kowace takarda sai ta bi ta hannunsa kafin ta shiga akwatin jirgi. Yana zama da kaskon wuta kusa da ƙafarsa, ko da rani.

Kada ki ji tsoro. Kalma uku kawai yake ganewa da sauri: yunwa, zazzaɓi, mutuwa. Sauran da yatsa yake bi, leɓe na motsi. Ya taɓa ƙona wasiƙar wani bawan Allah da ya rubuta "mutunci". Ya ga "mutu", bai jira ƙarshen ba.

Mataki na 2: Kada ki yi ƙarya

Ƙarya zunubi ce, kuma a garin da mutum zai iya kwanta dama kafin Lahadi, ba a tara zunubi. Gaskiya kamar tsohuwar riga take, juya ta ake yi a sake sawa.

Goggo Marjory za ta zo ta tsaya a kanki, hannu a ƙugu.

"Rubuta wa 'yar uwata rufinmu yoyo yake kamar rariya."

Sai ki rubuta: Mu yanzu ruwa har ɗaki, mun huta da zuwa rijiya.

"Rubuta na rame na zama kamar muciya."

Sai ki rubuta: Rigar aurena ta sake shiga, har da saura.

Ki karanta mata. Za ta dube ki sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, shiru-shiru ashe shaiɗaniya ce." Ki sunkuyar da kai. Yabo ne.

Mataki na 3: Maganar abinci

A nan ake gane gwani. Mutanen gida ba abin da suke son ji kamar abin da aka ci, mu kuma ba abin da muke son mantawa kamarsa.

Ga jimlar da ba ta taɓa ba ni kunya ba: Bana mun ci naman da ko sarkin Ingila bai taɓa ɗanɗanawa ba. Gaskiya ce tsagwaronta. Ina sarki zai samu ɓeran rumbu?

Baba Barnaby ya dage sai an sa cewa lokacin ƙanƙara ya dafa ɗamararsa ta fata ya cinye, shi ya sa yanzu igiya ce ke riƙe da wandonsa. Na rubuta masa: A nan ko suturar mutum albarka gare ta. Ya ce, "Ƙara da cewa gishiri ya yi kaɗan." Wannan na bar shi yadda yake, Kyaftin bai ga laifinsa ba.

In an tambaye ki gona, ki ce duk inda mutum ya taka arziki ya taka. Haka ne kuwa. Kowa taba ya shuka, har tsakiyar hanya, har ƙofar coci, babu wanda ya tuna da abin sawa a baki sai da aka gama girbi. Af, kada ki gwada miyar ganyen taba. An gwada.

Mataki na 4: Masu ƙasar

Mutanen gida za su so jin labarin mutanen da muka tarar, masu ƙauyen ƙetaren kogi. Ki rubuta: Kullum muna nuna musu abin da ba su taɓa gani ba. Ai kuwa. Kafin zuwanmu ba su taɓa ganin ƙato da gemu yana tsaye bakin kogi cike da kifi yana kukan ciki ba.

Babana masaƙi ne a gida, bai taɓa riƙe fartanya ba. Da aka ba shi irin masara, ya ɗiba a hula ya dinga watsawa kamar yadda ya ga ana yi wa alkama. Hankaki suka bi bayansa a layi kamar masu rakiyar ango. Wata tsohuwa daga ƙetare da ta kawo kwando ta tsaya tana kallo, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta gaji ta karɓi sanda, ta tara ɗan tudu, ta sa ƙwaya huɗu, ta haɗa da wake, ta nuna masa da yatsa kamar yaron goye.

Baba ya dawo gida ya ce, "Tamsin, rubuta sun yi mamakin yadda nake noma."

Na rubuta. Shi ma ya fara iyawa.

Kada dai ki tambayi wanda ya share filin nan kafin mu zo mu ce namu ne. Mai tambaya ba ya daɗewa a kujerar rubutu.

Mataki na 5: Waɗanda suka riga mu

Ba a rubuta ya mutu, kin dai ji. Ana rubuta: Ya samu fili nasa na kansa kusa da coci, ya daina aiki gaba ɗaya.

Amma ki yi hattara, wannan tana da kaifi. Na rubuta ta a kan wani Jabez Coad, sai ga ƙaninsa a jirgi na gaba, da akwati da sabuwar hula, ya zo a ci arzikin tare. Yana sauka ya ce, "Ina filin yayana?"

Baba Barnaby ya ja shi bayan coci ya nuna masa. "Ga shi nan, ɗan samari. Taku shida ne tsawonsa, amma babu mai tashinsa."

"Wannan ai kabari ne!"

"Kai ma in ka yi haƙuri zuwa zafi, za a yanka maka naka kusa da shi. Nan ba a son kai."

Ranar ban fito daga ɗaki ba.

Mataki na 6: Wasiƙar gidanku

Ta wasu sauƙi gare ta. Taku ce mai wuya.

Ranar da za mu taho, kakana na wajen uwa ya tsaya a ƙofa ya ce wa Baba, "Masaƙin da ya kasa riƙe gida, shi ne zai riƙe ƙasa?" Tun daga nan duk wasiƙar Baba sunan Inna ne a sama, amma da tsohon yake magana. Yakan goya hannu a baya, yana kai da kawo a ɗakin da taku uku ne, yana faɗa ina rubutawa.

"Rubuta gidanmu bene ne."

Akwai wani katako can sama da nake hawa in kogi ya shigo. Na rubuta.

"Rubuta an ba ni muƙami."

Wannan ma gaskiya ce. Kamfani ya aiko da tsutsar siliki don mu yi arziki, ɓeraye suka cinye ta tun a jirgi, amma takardar ta riga ta ce a naɗa mai kula da ita. Tunda Baba masaƙi ne, aka naɗa shi. Yana da akwati, yana da makulli, tsutsa ce kawai babu. Duk safiya Baba Barnaby sai ya cire hula ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, Sarkin Tsutsa! Yaya talakawa?"

"Suna gaishe ka, Barnaby. Sun ce ka ja wandonka."

Na rubuta wa Inna cewa tunda aka naɗa Baba, ko ɗaya daga cikin abin da aka damƙa masa bai yi ciwon kai ba.

Mataki na 7: In amsa ta zo

Shekaranjiya jirgi ya iso, da wasiƙar Inna a ciki. Baba ya zauna a bakin gado, ni na karanta.

Ta ce an karanta wasiƙarmu a coci bayan sujada, sau biyu, don na baya ba su ji ba. Ta ce da aka zo kan muƙamin, kakana ya tashi ya fita, ya dawo ya ce dama shi ya san yaron nan akwai kai. Baba ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Ya ce in sake.

Sai na ci gaba. Ta samu mai sayen saniya da masaƙar Baba. Kalma ɗaya take jira, su taho a jirgin bazara. Tarin Cecily ya ƙaru, har ba ta iya hawa tudun kasuwa, mai magani ya ce a sauya mata iska. Inna ta ce to ai ga iska, tunda kun ce ta can da yamma har waƙa take yi wa mutum a kunne.

Ni na rubuta wannan. Sauro nake nufi.

Yanzu abin da ya rage shi ne ki rubuta kada su zo, yadda Kyaftin ba zai gane ba, su kuma su gane. Jiya na wuni ina gwadawa a bayan wata tsohuwar takarda. Na rubuta: Kada ku yi gaggawa, abin da ke nan ba ya ƙarewa. Na karanta, ni kaina na ji ina son zuwa. Na rubuta: Duk wanda ya zo ba ya komawa. Ta fi ta farko daɗi. Hannu ya saba, ko barkono na ɗauko zuma yake fitowa.

Kyaftin ya hango ni, ya ɗaga murya daga bakin ƙofarsa. "'Yar Gilbert! Na ji uwarki na hanya. Mutum biyu, kamfani zai ba ubanki fili eka ɗari ke nan, hamsin-hamsin. Ki gyara hannu!"

Na ce, "To, Yallabai."

Wannan matakin ban gama koyonsa ba. In kin gano, ki koya wa ta bayanki.

Ba ruwana

Duk wadda ta bi matakan nan ta ga 'yan uwanta a bakin kogi da akwati, ita ta jiyo. Ni ban aike ta ba. Ban taɓa rubuta ƙarya ba, a tambayi fasto. Alƙalami na dinya ne, tawada ta kamfani ce, magana ta masu ita ce, ni riƙewa kawai nake yi. Saniyar da za a sayar, da masaƙa, da duk wanda ya hau jirgi da ƙafarsa, babu hannuna a ciki.

Haka dai nake gaya wa kaina tun safe. Jirgi zai tashi in kogi ya cika da la'asar, an riga an fara loda gangunan taba, hayaƙin kaskon Kyaftin yana tashi. Kowa na rubuta masa tasa, saura tamu. Baba ya shigo, amma yau bai goya hannu ba, bai yi kai da kawo ba. Ya tsaya a ƙofa ya ba ni baya yana kallon kogi.

"Rubuta, Tamsin."

Na tsoma alƙalami.

"Rubuta..." Ya yi gyaran murya. "Rubuta su taho."

Shekara biyu duk abin da aka ce in rubuta, ban taɓa ɗaga kai ba. Tawada ta taru a bakin alƙalamin, ta ɗiga a kan farar takardar. Na ajiye shi a gefe.

"Baba," na ce, "Cecily za ta kai baɗi a garin nan?"