Ranar da Na Kama Ƙafafun Alhaji Mudi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta, da wata Juma'a a zauren Alhaji Mudi na Ƙofar Wambai. Lokacin ana ta maganar mulkin kai, ni kuwa ina sabon malamin elementare, ga keke, ga alƙalami a aljihun gaba, ina ganin babu abin da ya rage a duniya da ban karanta a makarantar Midil ba.

Sirrina ɗaya ne: silima. A zamanin nan ɗan mutunci a cikin birni ba ya zuwa silima, in ma an gan shi a can, to mai kama da shi ne. Nakan fita bayan ganuwa, in cire hulata in cusa a aljihu (a lissafina hular ake ganewa, ba fuskar ba). Gidan siliman ba shi da rufi. Taurari a sama, wata duniyar a jikin bango, ni a tsakani baki buɗe.

Akwai wani fim ɗin Indiya da ya gama da ni. Ɗan wani attajiri ne ya bar gidan ubansa don ya gano ko shi wane ne. Ya yi yawo, ya yi kiwo, ya gamu da wata yarinya a bakin rafi ta tura shi cikin ruwa. Aka yi dariya, aka yi waƙa, aka yi kuka. Ko kalma ɗaya ta yarensu ban ji ba, don haka ni nake sa musu magana a baki, kuma ba yabon kai ba, maganar tana daɗi. A ƙarshe ya je gaban uban yarinyar shi kaɗai, ba kawu ba baffa, ya sunkuya ya taɓa ƙafafunsa. Tsohon ya ɗago shi ya rungume, furanni suna zubowa daga inda Allah kaɗai ya sani.

Tun daga nan birni ya sake mini kama. Kududdufin unguwarmu ya zama tafki, Dala ta yi ƙanƙara a ka, kwaɗi ma sai in ji kamar sarewa suke busawa. A tsakiyar duk wannan kuwa akwai Saude, 'yar Alhaji Mudi, wadda nake zuwa zance wurinta. Mun daidaita, abin da ya rage baffannina su je nema mini, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Su kuwa sai jan ƙafa suke yi, yau a ce sai bayan damina, gobe a ce sai wane ya dawo daga Gwanja. Ga wani tela ya fara zagaye layin da sabuwar riga.

Na ce wa Saude, "Da kaina zan je wurin Baba."

Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?"

Na yi mata irin murmushin da ɗan attajirin yake yi in ba a fahimce shi ba.

Bayan la'asar na isa. Alhaji yana zaune bisa buzu ya miƙe ƙafa, ga ƙwaryar fura a gefe. Kusa da shi ƙanensa ne, Malam Ilu, mutumin da carbi ba ya barin hannunsa, wanda ko gangar biki ya ji sai ya yi istigfari. Mai neman aure a bakin ƙofa yake tsugunawa, ya sunkuyar da kai, ya gaisa, ya ɓace. Ni kuwa sai na tako har tsakiyar zaure, ina jin kiɗa a kunnena, na zube na cafke ƙafafun Alhaji da hannu biyu.

Ba a rungume ni ba. Alhaji ya yi salati, ya fizge ƙafa, ƙwarya ta kife, fura ta wanke mini fuska (furannin ke nan).

"Ilu, riƙe shi! Farfaɗiya ce! Ashe yaron nan yana da lalura aka ɓoye mana?"

Ina kwance ana yi mini tofi, hankalina ya dawo sarai. In na yi shiru, mai farfaɗiya ne ni, Saude ta tafi. In na yi bayani, ɗan silima ne ni, Saude ta tafi. Duk karatuna na Midil bai tanadi amsar wannan ba.

Sai na ji Malam Ilu ya ce a hankali, "Yaya, ba ciwo ba ne. Gaisuwa ce. Haka Indiyawa suke yi wa surukai. Kai yanzu kamata ya yi ka ɗago shi ka rungume."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙanensa.

"Ilu," in ji shi, "a wane littafin ka karanta wannan?"

Carbin Malam Ilu ya ƙara sauri. Alhaji ya juyo kaina, gemunsa yana rawa, ban sani ba ko fushi ne ko dariya.

"Tashi, Malam, ka je ka wanke fuska. Ka gaida baffanninka, ka ce su suke da baki a zauren nan. Ƙafata kuma a bar mini abata."

Kunya ce ta taso baffannina, ba tausayina ba. Suka zo ba da haƙuri, suka ƙare da neman aure, aka ba ni Saude. Amma har Allah ya karɓi ran Alhaji, duk ranar da na je gaisuwa, da ya ji sallamata sai ya janye ƙafafunsa ya rufe da riga.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya zauna. Abin da aka gani a jikin bango a bar shi a jikin bango. Sannan in za ka ɓuya a silima, ba hula ake cirewa ba, rawani ake naɗawa har hanci. Malam Ilu ne ya koya mini, don ashe duk tsawon lokacin nan a bayana yake zama.