Ranar da Muka Ga Hancin Mai Girma Tar-tar

Jama'a, ku taya ni murna, ku kuma taya ni jin haushi. Ranar Asabar aka yaye 'yarmu Auta daga makarantar koyon jinya, garin kuwa da nisa, ba mu samu zuwa ba. Amma an ce za a nuna bikin kai tsaye ta intanet. Buri ɗaya Maman Auta ta ƙulla a ranta: ta ga 'yarta ta hau dandamali ta karɓi takardarta.

Ni ko a jikina. Ai bara Mai Girma Uban Almakashi ya zo unguwarmu da jerin motoci, ya yanke ƙyalle a gindin wani dogon ƙarfen sabis, ya ce daga ranar intanet ɗinmu ya fi walƙiya sauri. Allah ya saka masa da alheri. Ƙarfen yana nan ya sha fenti, tsuntsaye ma suna jin daɗinsa ƙwarai.

Tun da hantsi falo ya cika maƙil. Ga Tela, ga Mai Walda, ga Gwaggo da zugarta. Na kunna talabijin ina hura hanci, sai ga farin zoben nan yana juyawa. Da hoton ya ga dama ya zo, fuskokin mutane kamar an jera bulo, murya kuma ta riga baki isowa.

"Maigida," in ji Tela, "bikin yaye za mu kalla ko injin markaɗe?"

Aka kwashe da dariya, ban da Maman Auta. Na ga idonta ya kawo ruwa.

To, ga halin matar nan tawa: duk abin da take ganin darajarsa, kabad ɗin gilashi yake shiga, a lulluɓe shi da ƙyallen saƙa. Can akwatin wayfai mai rarraba mana intanet yake zaune tun ranar da ya shigo gidan, a bayan manyan tukwanenta na ado. Ta tashi ɗauko kofunan baƙi don ta ɓoye hawayenta, akwatin ya tare mata hanya, ta ɗaga shi ta ɗora a saman kabad. Nan take mutanen cikin talabijin suka motsa.

"Kar ki taɓa shi!" falo ya ɗauka baki ɗaya. "Bar shi nan ya sha iska!"

Ba a jima ba zoben ya dawo. Maman Auta ta waiga, sai ta ga kowa ya duƙufa a kan wayarsa.

"Gwaggo, me kike kallo?"

"Bikin mana, 'yar nan. Na ce in talabijin ya tsaya, ni sai in ba ku labari."

Ashe duk falon dabarar da suka yi ke nan, kuma duk daga akwati ɗaya suke zuƙa. Maman Auta ta wuce kicin. Ta ɗauko babbar roba ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kashe wayarsa ya jefa ciki, har da ni mai gidan. Na shiga saiti na sauke hoton daga matakin ƙoli zuwa na tsakiya, tunda ba sinima muka buɗe ba. Mai Walda ya ruga ya ɗauko sifikarsa, muka haɗa ta da kebul, murya da baki suka shirya.

Hoto ya fito tas. Wa za mu gani? Uban Almakashi da kansa, shi ne babban baƙo! Ya yi jawabi har ruwan kofunanmu ya yi ɗumi, yana lissafa unguwannin da ya wadata da intanet, tamu ce ta farko. Mun ga gumin hancinsa tar-tar. Na yarda, wannan alkawari kam ya cika.

Aka fara kiran ɗalibai. Mai kyamara kuwa, da yake ya san inda ake samun albarka, ya kafe ta a fuskar Mai Girma. Sunaye suna wucewa, mu muna kallon babban mutum yana gyangyaɗi, ingancin hoto ba a magana.

Sai sifikar Mai Walda ta faɗi sunan Auta, har gilashin kabad ya amsa. Maman Auta ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji, tana leƙen gefen talabijin ko za ta hango ta. Babu. Sai muka ji an ja makirufo, wata murya da muka sani tun tana tsumma ta cika falon:

"Mama, na san ba za su nuna ni ba. Ga ni nan, na karɓa!"

Mai Girma ya farka a firgice ya hau tafi. Falo ya kaure da ihu, Maman Auta tana dariya tana sharar hawaye da ƙyallen saƙar akwatin wayfai. Ni ma, ba na ɓoye muku, sai da na juya baya.

Yanzu dai a gidana hoto ya gyaru, murya ta gyaru. Wanda ya san saitin da ake shiga a kawar da kyamara daga fuskar manya, don Allah ya biyo ta gidana. Ya taho da wayarsa a kashe.