Rasuwar Barakatu, Sandar Bugun Ƙarshe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Alhaji Abdul-Kadiri, tsohon malamin gona, haifaffen Salaga, mazaunin Bawku, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar zamana Barakatu, wadda ta cika ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar. Ga wanda bai san ta ba, sandar wasan golf ce, ta bugun ƙarshe, wadda ake tura ƙwallo cikin rami da ita idan an iso kusa. Shekara goma sha tara muna tare. Na san akwai waɗanda suka fara dariya tun daga nan. Ku yi abarku, ku gama, sannan ku ci gaba da karatu, domin ba rasuwar kaɗai na zo sanarwa ba. Na yi wa marigayiya ƙazafi a garuruwa uku, kuma ina so in wanke ta kafin a rufe ta.

Ba a san ranar haihuwarta ba, ba a san garinsu ba. Cikin dilar kayan gwanjo ta shigo ƙasar nan. Na fara ganinta a kasuwar Salaga, a hannun wata mai sayar da doya tana korar awaki da ita. Duk kasuwar ni kaɗai na san ko mece ce, saboda ina saurayi an taɓa tura ni kwas kudu na wata shida, kuma makarantar tana maƙwabtaka da filin golf, inda wani dattijo ya koya mini riƙe sanda don ya rasa abokin wasa. Na kai ta gida da murna. Yayata Rashidatu ta dube ni, ta dubi sandar, ta ce, "To, Kadiri, tun da uwar Zakiya ta rasu ka ƙi ƙara aure, ashe wannan kake jira. Allah ya sa albarka. A sa wa amarya Barakatu." Da zolaya aka raɗa sunan, amma ya zauna.

Ta bi ni Yendi, inda muka yi shekara shida muna atisaye a barandar ofis bayan an tashi aiki. Da aka mayar da ni Bawku ta biyo ni. A nan ne, bayan wani tsohon sito a hanyar Garu, na yi mana filinmu, ramuka uku kacal. Mu nan arewa ba mu da ciyawar da za ta zauna kore shekara guda, don haka wurin bugun ƙarshe da yashi muke yin sa. Ana tankaɗe yashin kogi, a kwaɓa shi da baƙin man da makanikai suka juye, a shimfiɗa, a daddaɓe. Ramin kuwa gwangwanin tumatir ne na binne. Kuma a kan yashi akwai al'ada wadda doka ta yarda da ita: kafin ka buga, sai ka share hanyar ƙwallo daga inda take zuwa bakin rami, ka goge sawun ƙafa da na tsuntsaye. A manyan filayen yashi da guntun darduma ake yi. Ni ba ni da shi, sai na riƙa kwantar da kan Barakatu in ja shi a hankali. Ita ce mai shara, ita ce mai bugu. Haka muka yi kullum, safe da yamma.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici. Ba ta taɓa ƙorafin zafin rana ba, ko da a watan Maris da ƙarfenta ke ƙona tafin hannu. An kira ta ludayi a gabanta, an kira ta sandar makaho, wani mai shayi ya ce in ara masa ya riƙa kaɗo mangwaro da ita, ba ta ce uffan ba. Ba ta da yawan magana. Iyakarta kalma biyu: idan ta taɓa ƙwallo ta ce "tak", idan ƙwallon ta faɗa gwangwani ta ƙarasa da "kwal". Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan shiru wanda ban taɓa samun irinsa a wajen ɗan'adam ba. Ni mutum ne da yake cin tuwonsa shi kaɗai. 'Yata Zakiya tana aure a Yendi, tana kira ranar Juma'a. Sauran kwanaki shida, in ka cire gaisuwar masallaci, yawanci muryar Barakatu ce nake ji.

Ciwon ajalinta ya fara ne a kudu, kuma a nan nake roƙon a natsu.

An shirya gasar dattawa, 'yan sama da shekara hamsin da biyar, kwana biyu, rami talatin da shida. Huɗun farko za su wakilci ƙasa a waje. Na aika sunana. Ba don jirgin sama ba, wallahi. Ina so ne sau ɗaya a rayuwata in dawo Bawku da abin da zan nuna, mutanen da suke tsayar da kekensu a bakin hanya suna kallon tsoho yana bin farar ƙwallo cikin rana su san ba taɓin hankali ba ne. Ina da shekara sittin da uku, gwiwata ta hagu ta fara ba ni sanarwa, na san wata damar ba lallai ta zo ba.

Filin can ciyawa ce, kore shar, an aske ta ƙwal. A kan ciyawa kuwa ba a shara. Za ka iya tsince ganye ko tsakuwa, amma ka danne ciyawa don ka gyara wa ƙwallonka hanya, laifi ne, hukuncinsa a ƙara maka bugu biyu, a wasan da mai ƙarancin bugu ne ke ci. Na san wannan doka sarai, ba wanda zai ce jahilci ne. Tun a mota nake nanata wa kaina. Rami talatin da biyar na yi ina tsare hannuna, duk lokacin da ya zabura zai kwantar da sanda sai in maƙe shi a aljihu. Barakatu kuwa ta yi abin mamaki. Ita da ba ta taɓa taka ciyawa a hannuna ba, cikin rabin yini ta gane cewa nan ba a dukan ƙwallo, lallaɓa ta ake yi. Masu jakunkuna masu ƙyalli suka fara leƙen tsohuwar sandar da aka naɗe mariƙinta da robar taya.

Muka iso rami na ƙarshe. Wani ya raɗa mini cewa in na jefa wannan, ni ne na huɗu, da ratar bugu ɗaya. Da ma bai faɗa ba. Tsakanin ƙwallona da rami bai kai taku ɗaya da rabi ba, irin wanda nake jefawa a gida ina hamma. Amma na ɗaga kai na ga mutane sun kewaye wurin, za su kai ɗari biyu, duk sun yi tsit. Ni da ban taɓa samun ɗan kallo ba sai jakuna. Hannayena suka fara rawa, rawa ta gaske, har kan sandar yana karkarwa a bayan ƙwallon. Na ja da baya, na yi salati, na dawo. Rawar tana nan. Ramin ya zama ɗan mitsitsi, kamar bakin kwalba.

Abin da ya biyo baya ban tuna lokacin da na yanke shawararsa ba, don ban yanke ba. Na dai ji numfashina ya dawo daidai, kafaɗuna sun sauka, hannuna ya tsaya cak. Na buga. Ta ce "tak". Aka yi ɗan shirun nan. Ta ce "kwal".

Na ɗago ina jiran tafi. Aka yi shi tsilli-tsilli, ya mutu. Abokin karawata, wani likita ɗan Kumasi, mutumin kirki wanda ya ba ni ruwansa sau biyu a ranar, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Na bi idonsa. Ga layi nan miƙe sambal daga inda ƙwallona take zuwa bakin rami, ciyawa a kwance tana sheƙi a rana. Shara ce, irin wadda na iya, ba karkata ko kaɗan. Shekara goma sha uku ina tsammanin yashi nake lallashi da ita, ashe kaina nake lallashi, ban sani ba sai ranar.

Alƙaliyar wasa ta zo ta yi mini magana a hankali, da ladabi, har tana ba ni haƙuri. Aka ƙara bugu biyu. Na zama na biyar. Na sa hannu a takardar sakamako, na gaisa da kowa, na ɗauki jakata da kaina na fita.

Ga inda ƙazafin ya shigo. Na biyo ta Salaga a hanyar dawowa. Yaya Rashidatu ta tara maƙwabta a tsakar gida, ta yanka zabo, tana jiran labari. Na dubi fuskokinsu, na rasa yadda zan bayyana musu cewa na ci kuma na faɗi saboda na share ciyawa. Sai na ji bakina yana cewa sandar ce ta tsufa, ta karkace, ta kuskure ramin da yatsa ɗaya. Yaya ta ce, "Ai na faɗa maka, kayan gwanjo ba amana." Aka yi dariya, har da ni. A Yendi na maimaita wa Zakiya da mijinta, na ƙara gishiri. Zakiya ta ce, "Baba, kar ka damu, za mu nemo maka sabuwa." Da na sauka a tashar Bawku, kafin in isa gida na gaya wa mutum biyar. Duk wannan tana cikin jaka a kafaɗata.

Ranar Talata na ɗauke ta muka je filinmu. Ina so in kama ta da laifi ko sau ɗaya ne, in samu abin da zan riƙe. Na ajiye ƙwallo a taku ɗaya da rabi, na ƙi yin shara, na buga da gangan a wulaƙance. Ta shiga. Na sake, ta shiga. Na matsa baya taku uku, na rufe ido ɗaya. Sau goma sha ɗaya a jere tana ce mini "kwal", ba fushi, ba gori. Na kasa jurewa. Na riƙe ta da hannu biyu na karya ta a gwiwata. Ƙarar da ta yi ta ƙarshe ba zan rubuta ta a nan ba.

Washegari na kai ta wajen Faruq mai walda, na ce a but ɗin mota aka danne ta da buhun albasa. Ya jujjuya gutsattsarin biyu, ya duba inda ƙarfen ya lanƙwashe kafin ya tsinke. Ya ce, "Alaji, ni shekara ashirin ina walda. Albasa ba ya karya ƙarfe haka. Wannan gwiwa ne." Na tambaye shi ko za ta gyaru. Ya ce zai iya haɗa ta, amma ba za ta ƙara miƙewa daidai ba, sai dai a rataye a bango. Ya miƙo mini ita da hannu biyu. Duk garin nan shi ne mutum na farko da ya yi mini ta'aziyya, ko da yake bai san ya yi ba.

Marigayiya ta bar 'yan'uwa takwas a cikin jaka, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, dukansu masu bugun nesa ne, ba wadda ta iya ƙarasa aiki. Ta bar ƙwallaye goma sha huɗu, uku daga ciki sun tsage. Ta bar ramuka uku da ciyawa ta fara ci, da ni, wanda ya tashi da safen nan ya ɗauki hula ya kai ƙofa kafin ya tuna ba inda za shi. Zakiya ta sake kira kan batun sabuwa, na ce ta dakata tukuna. Ban san ko zan sake buga wasan nan ba.

Za a rufe ta ranar Alhamis bayan sallar la'asar, a gefen rami na uku, bayan tsohon siton da ke hanyar Garu. Ba salla, ba sadakar uku, ba ta bakwai. Ban zauce ba, na san sanda ce, kuma ba na wasa da addini. Kada a kawo abinci. Kada a kawo mini wata sanda a wurin. Faruq ya yi alkawarin zuwa da diga idan aiki ya bar shi, in bai samu ba zan haƙa da kaina, ƙasar wurin ba ta da tauri. Na aro benci ɗaya, na tabbata zai isa.

Wanda bai samu zuwa ba, ba komai, ba zan riƙe shi a rai ba. Alfarma ɗaya nake nema. Yaya Rashidatu, ki sake tara maƙwabtan nan da suka ci zabo, a karanta musu wannan takarda. Zakiya, ki gaya wa mijinki. Mutum biyar na hanyar tasha kuwa, ni zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ji daga bakina cewa Barakatu ta kuskure, ya goge wannan magana. Ƙwallon ta shiga.