Abin da Iya Gambo ta binne a bayan ɗaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa ɗan ƙanena aure ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyen nan na bayan Tirmini ba za su bari ba.

Ni dai rayuwata a kan hanya na yi ta. Kamyo, babbar motar kaya, na tuƙa tun ina saurayi, Agadas, Arlit, Kwatano, Lome, duk inda kaya ya nufa. To mai jiran lodi ba shi da abin yi sai kwanciya a ƙarƙashin mota, a nan na kamu da karatun roman, littattafan labari, da ɗan Faransancin da na tsira da shi daga makarantar lakwal. Iri ɗaya nake so: a kashe wani, a ɗora wa wata kyakkyawa laifi, ta gudu daji, ta haɗu da wani gwauro mai gemu da ya iya kunna wuta ba ashana, su ci saiwa, su gano mai kisan, su yi aure. Na karanta su har na koma ba na fita sai da jaka mai igiya da wuƙa da tocila da dabino. Hajiya, matata, takan ce, "Alhaji, kasuwar Zango za ka ko hamadar Tenere?"

Da ƙanena ya ce in shige gaba wajen neman auren ɗansa Habu, na sa babbar rigata ta shadda, na kuma rataya jakar. Yaron ya daɗe yana son yarinyar, ga wani manemi yana zagaye, saboda haka ƙanena ya roƙe ni abu ɗaya: "Yaya, don Allah ka yi magana kaɗan."

Malam Lawali, wan uban yarinyar, ya tarbe ni da 'yan rakiyata a zaure, aka kawo fura. Ba a kai ga zancen ba na nemi wurin kama ruwa, aka nuna mini bayan gida. Ina tsugune sai na ji wata mace ta yi ƙara sau ɗaya, gajeriya, kamar an toshe mata baki. Shiru ya biyo baya. (An ce wani kukan ya biyo, ƙarami. Na ji shi. Ɗan akuya na ɗauka.)

Na daɗe a wurin ina sauraro, har ƙafata ta yi sanyi. Can na leƙa ta ɓular zana. Wata tsohuwa ce a bayan ɗaki da fartanya tana haƙa rami. A gefenta kasko, a ciki wani abu nannaɗe da tsumma, jini ya jiƙe shi, ga reza a kai. Wani saurayi dogo ya tsaya nesa da ita yana share gumi.

"Iya Gambo, an gama?" in ji shi.

"An gama. Kada ka faɗa wa baƙi tukuna, bari su yi abin da ya kawo su."

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Ƙara, jini, reza, rami, a ɓoye wa baƙi. A littattafaina ko shafi na goma ba a kaiwa sai an haɗa waɗannan. Abin da ya ruɗa ni kawai shi ne ƙanƙantar ramin, amma na ce wataƙila kashi-kashi suke yi.

Na koma zaure na raɗa wa 'yan rakiyata, "Kada wanda ya ƙara taɓa furar nan." Ɗayansu ya dube ni da ludayi a baki. Na ɗauki jakata na ce zan duba mota, na zagaya, na faɗa gonakin hatsi.

Dabarata ita ce in hau duwatsun da ke gabas da gari in samu rezo a wayata in kira jandarma. Littafi ya ce mai gudu ba ya bin hanya, kuma yana share sawunsa. Na karya reshen sabara na ɗaura a ƙugu da igiyata ina ja a baya. Na ratsa ƙarangiya da babbar riga. Da na hau dutsen, waya ta ce babu rezo, gwiwata kuma ta ce ba za ta sauka ba. Na zauna na ci dabino, ina tunanin wace ce marigayiyar, me ta sani, kuma wa zan aura a ƙarshen labarin tunda ni ina da Hajiya.

Ba a daɗe ba sai ga rabin gari a gindin dutsen, Malam Lawali a gaba.

"Yaya aka yi kuka gano ni?" na tambaya daga sama.

"Alhaji, ai hanya ka share mana tun daga ƙofar gida. Ko amalanke za ta bi."

Samari biyu suka sauko da ni kamar buhun gyaɗa. A ƙofar zaure, gaban mai gari da liman da dangin yarinyar, na tsaya ina cire ƙarangiya daga wando, na ce ba zan ɗaura ɗanmu da gidan da ake binne mutane a bayan ɗaki ba. Na faɗi duk abin da na gani, dalla-dalla, har da rezar.

Ba wanda ya yi dariya. Kallon juna suka yi ta yi, ni ma ina kallonsu. Sai aka kira tsohuwar. Ta fito tana goge hannu da zani, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, 'ya'yanka nawa?"

"Shida, Iya."

"In ana haihuwarsu kana ina?"

Na fara lissafi. Na farin ina Lome. Na biyu Agadas. Ta uku mota ta lalace mini a Takeita, sai ranar suna na iso.

"To shi ya sa," in ji ta. "Matar jikana ce ta sauka, namiji. Mabiyiya na binne, abin da ke biyo jariri. Ko a gidanku soyawa ake yi?"

A nan garin ya fashe da dariya. Liman har ya zauna ƙasa. Dogon saurayin nan, uban jaririn kuma yayan yarinyar da muka zo nema, ya miƙo mini hannu ya ce, "Baba, ba ka yi mini barka ba."

Na tabbata na kashe wa Habu aure. Malam Lawali ya share hawaye ya ce, "Mun ba ku. Mutumin da zai hau dutse saboda matar da bai sani ba, ba zai bari a cuci 'yarmu ba. Amma ranar ɗaurin aure a bar jakar a gida."

Na koma gida na ba Hajiya labari. Ta kama hannun rigata ta kai ni bayan ɗakinta, inuwar da nake ajiye kujerata in yi karatu. Ta nuna ƙasa da ƙafa.

"Huɗu suna nan ƙarƙashinka. Biyu a gidanmu."

Har yanzu ina karanta roman ɗina, ban daina ba. Sai dai na gane cewa mutum zai iya sanin hanyar Lome da yadda ake shan ruwa daga saiwa, bai san abin da ke ƙarƙashin kujerarsa ba. Yanzu in na ga ana haƙa rami, sai in fara da tambayar ko an samu ƙaruwa.