Turaren Wuta a Gidan Takarda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ni kaɗai, da ɗan kaskon turarena, na fito da mutanen Japan daga wanka babu shiri. Har yau idan na ɗora garwashi a kasko sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma ban taɓa cewa da na sani ba, kuma za ku ji dalili.

A shekarun nan ne da kuɗin mai ya ɓarke, gwamnati na tura samari karatu waje kamar ana watsa wa kaji tsaba. Maigidana yana cikinsu. Injiniyan lantarki ne, yana ƙaro ilimi a wata kwaleji a Bloomsbury, ni kuma aka kawo ni London ina amarya, aka ajiye ni a wani ɗan gidan haya, flat, a Deptford, saman shagon mai kifi. A akwatina, ban da tufafi, akwai kaskon da kakata ta ba ni, da kwalaben turaren wuta haɗin Barno, da ƙananan littattafan soyayyar nan da nake saye a ɓoye a kasuwar Sabon Gari tun ina makarantar kwana. A cikinsu na koyi duk abin da na sani game da aure. A can miji yakan tsaya a bakin kogi ya dubi matarsa, muryarsa na rawa, ya gaya mata cewa in babu ita babu shi.

Nawa mijin bai karanta ko ɗaya ba. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, bai rage ni da komai ba, amma kafin ka ciro magana daga bakinsa ka haƙa rijiya. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Amarya". Magana mafi daɗi da ya taɓa gaya mini ita ce ranar da ya ce miyar kuka ta yi. (Na kwana na wuni ina juya maganar nan ina neman abin da ke ƙarƙashinta. Babu komai a ƙarƙashinta. Miyar ce ta yi.)

Maƙwabciyata Anti Saratu, wata nas 'yar Kafanchan, ita nake kai wa kukana. Ta ce namijin da ya kawo ni London ya saya mini rigar sanyi ai ya gama magana, me kuma nake nema? Na ce mata laifin garin ne. Wa zai yi kalaman ƙauna a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasan nan, hammatar wani a kan hancinsa? A ba ni dutse da ƙorama kawai, a ga aiki.

Sai ga dutse da ƙorama sun zo har gida. Wani kamfani a Japan da ke son sayar wa gwamnatinmu injinan lantarki ya gayyaci maigida ya je ya gani da idonsa, aka kuma ce ya taho da iyali. Na shiga wurin Anti Saratu na rantse mata ba zan dawo Deptford ba sai da kalma ɗaya mai daɗi daga bakin mutumin nan. Ta ce in na samo in ƙulle ta a bakin zani kada ta faɗi a jirgi.

Bayan sun gama zagayen masana'antunsu, mai masaukinmu, Mista Tanabe, ya ɗauke mu a jirgin ƙasa zuwa wani tsohon gari a cikin duwatsu, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mutane na zuwa daga nesa don su jiƙa jikinsu. Gidan da aka sauke mu duk katako ne, daɓensa tabarma, ƙofofinsa kuwa takarda ce aka liƙa a kan siraran itace, jan su ake yi gefe. Wata 'yar tsohuwa mai gidan ta tarbe mu a durƙushe. Mista Tanabe ya ce gidan ya girmi kakan kakanta, kuma garin ya taɓa ƙonewa ƙurmus a zamanin da, shi ya sa babu abin da suke tsoro kamar wuta. (Na ji wannan magana da kunnena, ba zan yi ƙarya ba. Amma a lokacin wani jan ganye ne ke faɗowa a hankali cikin ɗan tafkin tsakar gida, ni kuma ina lissafin inda zan tsaya.)

Washegari aka fita da mu yawon buɗe ido. Muka fara da wata jar gada a kan kogi. Na tsaya a tsakiyarta na saki gefen mayafina iska na kaɗa shi, na karkatar da kai yadda ya kamata. Da na waiga sai na ga maigida a tsugune yana leƙen ƙarƙashin gadar, yana mamakin yadda aka haɗa katakon babu ƙusa. Muka hau dutse zuwa inda ruwa ke zubowa daga sama fari fat kamar an kwance rawani. Nan kam ya tsaya kusa da ni, ya daɗe yana kallo, har ya ja dogon numfashi. Na ce a raina yau ga ta nan.

"Amarya," in ji shi, "ruwan nan da a Kano yake, da ya ba Fagge wuta har da Gwammaja."

Daga nan aka kai mu wani kwari da tururi ke tashi daga ƙasa, tsofaffin mata na dafa ƙwai a kwando cikin ruwan. Ya ci nasa ya ci nawa. A wurin ne na gano bakin zaren. Garin nan kaf, saboda ruwan zafin, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Kyau kam ga shi har ya yi yawa, amma wace soyayya ce za ta tsiro a cikin wannan wari? Ashe ba laifin mijina ba ne, hancinsa ne a toshe. Maganin kuwa yana cikin akwatina.

Bayan la'asar maza suka tafi wanka. Ni an riga an gaya mini cewa a ɓangaren mata babu mai shiga da ko ƙyalle, na ce a kai kasuwa. Shi ma maigida sai da aka yarda ya shiga da gajeren wandonsa sannan ya bi Mista Tanabe. Ɗaki ya zama nawa.

A kusurwar ɗakin akwai wata tukunya mai toka da garwashi da suke ɗora butar shayi. Na ɗebi garwashin na cika kaskona. Na ja duk ƙofofin takardar nan na rufe ruf, don kakata ta koya mini turare ba ya kama ɗaki sai an hana shi hanyar fita. A gida ɗan tsunkule ake sawa. Amma a gida ba a yaƙi da warin gari guda, saboda haka na zuba cikin tafin hannu, na duba, na ƙara wani. Na ɗaura leshina mai ruwan zuma, na sa sarƙa, na ja kwalli har gefen ido, na kishingiɗa a kan tabarma na tallafe kumatu ina fuskantar ƙofa. Ba a jima ba na daina ganin yatsun ƙafata. Idanuna suka fara ruwa, na ce madalla, a littafi ma idon amarya yakan yi ƙyalli.

Sai na ji wata mace ta ƙwala ihu a baranda, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Aka shiga buga ƙararrawa. Ƙafafu suka cika gidan da gudu, katako na amsawa. Ni kuwa ina kishingiɗe ina cewa a raina mutanen nan akwai son biki, ko wane irin wasa ne kuma da yammacin nan?

A cikin hayaniyar ne na ji an kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, da muryar da ban taɓa sanin mijina yana da ita ba. Kafin in amsa ƙofa ta yage. Bai tsaya jan ta gefe ba, ta cikinta ya ratso, takarda a wuyansa, jikinsa na ɗigar ruwa, kumfar sabulu a kunne. Ya lalubo ni a cikin hayaƙin ya sunkuce ni kamar buhun gero ya yi waje. Na buɗe baki in yi bayani, tari ya sarƙe ni, na rufe ido.

"Buɗe idonki, don Allah buɗe idonki," yake cewa yana gudu. "In kika tafi wa zan koma gida in tarar? Me zan je yi a London?"

Jama'a, na ji. Ban buɗe idon nan da wuri ba, na ɗan jira ko akwai saura.

Abin da ya buɗe mini shi bokitin ruwan sanyi ne da wani bawan Allah ya sheƙa mana a bakin ƙofa. Da na duba sai na gan mu a tsakar gida, ga duk baƙin masaukin a tsaye cikin sanyi. Tsofaffi, matasa, manyan 'yan kasuwa masu tumbi, kowa riƙe da ɗan tawul da bai fi hankici ba yana ta shawarar inda ya fi buƙatarsa, tururi na tashi daga kafaɗunsu kamar an sauke dambu. Matan suna gefe a dunƙule cikin riguna a karkace. Ma'aikata sun yi layi da bokitai tun daga tafki har ƙofar ɗakinmu. Maƙwabta ma sun fara shigowa da tsani.

Sai tsohuwa mai gidan ta fito daga ɗakinmu a hankali, ta ɗoro kaskona a kan faranti da hannu biyu, ɗan siririn hayaƙi na tashi daga cikinsa, ƙamshi kuwa ba a magana. Ta zagaya da ido ta yi tambaya a tausashe. Ba sai an fassara mini ba. Na ɗaga hannuna mai lalle daga inda nake, a hannun mijina, kwalli ya gangaro mini har haɓa. Shi kuma ya dubi kaskon, ya dube ni, sannan ya sauke ni ƙasa a hankali kamar kayan da aka ba shi ajiya bisa kuskure.

Ban san adadin sunkuyon da na yi a ranar ba, na dai san na kwana da ciwon baya. Maigida ya yi ta bayani cewa al'adar amare ce a ƙasarmu. Mista Tanabe, da tawul a ka, ya yi ta fassarawa yana cewa babu komai. (Wanda ke son sayar maka da injin lantarki ba ya fushi da matarka.) Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce su ma suna ƙona turare, sai dai nasu bai fi ƙwayar shinkafa ba. Daga nan ta wuce da kaskon. Ban sake ganinsa ba sai a tashar jirgi ranar tafiya, lokacin da aka miƙo mini shi ta taga, an naɗe shi cikin ƙyalle mai kyau an ƙulle tam, bayan jirgin ya fara motsi.

Muna cikin tafiya maigida ya lura ina ta murmushi ni kaɗai, ya tambayi abin da ke ba ni dariya bayan na tara masa jama'a. Na ce ina so ne ya maimaita abin nan da ya faɗa a baranda, hayaniya ta hana ni ji sosai. Ya juya ya dubi taga, bayan kunnensa ya yi gumi.

"Hayaƙi ne ya shiga kaina," in ji shi.

Da muka dawo Deptford ban ko cire takalmi ba na shiga wurin Anti Saratu na kwance mata bakin zani. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce in dai sai an tara gari da bokitai mijina ke magana, to in yi wa Allah in riƙa sanar da ita tukuna, don bango ɗaya ne tsakaninmu.

Abin da na koya shi ne littattafan nan ba su yi mini ƙarya ba, maganar tana nan a cikin mutumin. Wurin da ake ciro ta ne suka kuskure, don ni na gwada gada na gwada ƙorama ban samu komai ba. Yanzu mun tsufa, jikokinmu in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, kaskon kuma yana nan. Duk ranar da na ɗora masa garwashi sai maigida ya tashi ya buɗe taga, ya koma kan kujerarsa ya ɗau jarida, ya ce, "A hankali dai, Amarya. Maganar da ke gare ni na riga na faɗa."